Ɓeran Mongoliya: me za a ba shi ya gaigaya?

Iyaye da dama, musamman 'yan uwanmu mazauna Turai da Amurka, kan kawo ƙorafi cewa jabil ɗin, wato ɓeran Mongoliya, da suka saya wa yara ya cika ɓarna, komai aka saka masa a keji sai ya rududduge shi. Ba ɓarna ba ce, halittarsa ke nan.

Asalin wannan ɗan ƙaramin ɓera busassun filayen Mongoliya da arewacin Sin ne. A 1954 aka kai shi Amurka don binciken kimiyya, daga nan ya shiga gidajen mutane. Haƙoransa huɗu na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, yadda na zomo suke. In bai samu abu mai tauri yana gogawa ba, sai su zarce su lanƙwashe, su soki dasashi ko ganɗa, cin abinci ya gagare shi. Kalar rawaya da kuke gani a haƙoran kuwa lafiya ce, kada ku tayar da hankali.

Abin da ya fi dacewa da shi ba sai an kashe ko sisi ba: kwali. Kwalin nan na tsakiyar tishu in ya ƙare, ko kwalin ƙwai. Ku jefa masa guda ku tsaya ku gani. Zai dafe shi da hannuwansa biyu, ya kama daga baki yana ƙas-ƙas-ƙas, kafin wani lokaci ya zama diddiga, ya kwashe ta ya shimfiɗa a makwancinsa. A dai ɓare salatif, a cire ƙusar sitefila, a guji kwali mai sheƙi ko wanda ya sha maiƙo. Busasshiyar ciyawa mai tsabta, ƙoƙon kwakwa da aka kankare, da busasshen reshen tuffa wanda ba a yi wa feshi ba, duk suna da kyau.

Roba ita ce babbar matsala, kuma abin takaici shagunan kayan dabbobi cike suke da ita: 'yan gidaje, kwanuka, bututu masu launi. Ba ya barin ta, kuma guntun da ya haɗiye na iya toshe masa hanji. Haka auduga da tsumma, zarensu kan naɗe masa ƙafa ko ya cushe ciki. Kwanon abinci ya zama na tangaran.

Kada a ɗebo guntayen katako daga wurin kafinta, don galibi an shafa musu fenti, gam ko maganin gara. Reshen ceri da na fiya (avokado) ma ba su da aminci. Icen da ba ku san sunansa ba, ku bar shi.

In kun ga yana dalalar da miyau, yana ramewa, ko yana ɗaukar abinci yana yarwa, ku kai shi wurin likitan dabbobi. Kada ku sa abin yanke farce ku ce za ku rage masa haƙori da kanku, haƙorin kan tsage har saiwa.