Baifola: ma'anar kalmar da yadda ake zaman aure da mai ciwon

Kalmar baifola, wadda ake rubutawa bipolar a takardun asibiti, ta shiga bakin matasa a Facebook da TikTok. Budurwa ta yi fushi da safe ta huce da azahar, sai ka ji an ce tana da baifola. Wannan wasa yana damuna, domin a nan Jos akwai gidajen da ciwon yake cikinsu da gaske, kuma duk lokacin da aka mayar da sunansa abin tsokana sai su ƙara jan bakinsu su yi shiru.

Asalin kalmar yana nufin abu mai gefe biyu. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran wani ciwo da ita, wanda yake ɗaga yanayin mutum ya kai shi can sama, daga baya ya sauko da shi can ƙasa. Ba sauyin safe da yamma ba ne. Hawan mai tsanani yakan ɗauki mako guda ko fiye, mai sauƙin kuma aƙalla kwana 4. Saukar takan kai mako 2, wani lokaci watanni. A tsakani mutum yana iya yin shekaru garau, yana kasuwarsa, yana riƙe da iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 40 ne suke ɗauke da shi a 2019. Yawanci yana farawa ne a ƙarshen ƙuruciya ko farkon shekaru ashirin, wato daidai lokacin da ake shirin aure. Shi ya sa sau da yawa matar ko mijin ne yake fara ganin abin da iyaye ba su taɓa lura da shi ba.

A ɗauki misalin magidanci mai sayar da dankalin turawa a Farin Gada. Matarsa ta san shi da yin barci bayan isha'i. Sai ga shi yana kaiwa ƙarfe uku na dare yana lissafi a takarda, ya tashi da asuba ba alamar gajiya, har yana cewa bai taɓa jin ƙarfi irin na yanzu ba. Magana ta yi yawa, ba ya bari a sa baki. Yau zai sayi tirela, gobe zai buɗe reshe a Abuja. Ya ci bashi, ya yi kyautar jarinsa, wanda duk ya ce masa a'a ya zama maƙiyi. Abin da ya fi wahalar da matar shi ne a kwanakin farko mutanen waje yabonsa suke yi, suna cewa Alhaji ya samu buɗi. Ita kaɗai ta san rabonsa da barcin kirki kwana biyar ke nan. Idan abin ya yi nisa, yana iya fara jin cewa an ba shi wani matsayi na musamman, ko ya riƙa jin muryoyin da babu su.

Bayan haka sai saukar ta zo: kwanciya a ɗaki, ƙin wanka, ƙin zuwa kasuwa, ga kunyar ɓarnar da aka yi a baya. A nan ne dangi suke cewa lalaci ne.

Na san abin da ake fara cewa a unguwa: iska ce, ko sammu, ko kishiya. Ba ni da ja da addu'a, ko ruƙiyya ce ko addu'ar fasto, a yi ta. Abin da nake roƙo shi ne kada ta hana zuwa asibiti, kuma kada a yarda a ɗaure mutum ko a doke shi da sunan magani. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin marar lafiya. Idan an je wurin likita, abokin zama ya ba da labarin hawan, ba saukar kaɗai ba. Marar lafiya yakan kai kansa ne lokacin saukar, wato lokacin damuwa, kuma idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, yana iya tayar masa da hawan.

Ciwon yana da magani, amma na riƙewa ne, kamar na hawan jini. Mafi daɗewa shi ne litiyam, wanda likita John Cade ya nuna amfaninsa a Ostireliya a 1949. Mai shan sa yana buƙatar gwajin jini lokaci zuwa lokaci, a duba ƙoda da wata halitta da ke maƙoshi, wadda likitoci suke kira thyroid. Ƙarancin ruwa a jiki yana sa maganin ya taru a jini, haka ma wasu magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis, irin su ibuprofen da diclofenac. Don haka kafin azumi a zauna da likita, a kuma tambayi malami, tunda addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Raya dare ma a yi shawara a kansa, ko tahajjud ne ko kwanan addu'a a coci, domin rashin barci yana cikin manyan abubuwan da suke tayar da ciwon. Idan matar ce take da shi, mijin ya sani cewa maganin valproate, wanda shi ma ake ba masu baifola, yana iya cutar da ɗan da ke ciki, kuma makonnin farko na jego lokaci ne mai haɗarin dawowar ciwon. Ya nemo wanda zai riƙa karɓar jariri da dare domin mai jego ta samu barci. Kada dai a daina shan magani kwatsam ba da sanin likita ba, ko da an ji sauƙi.

Taimako mafi amfani ana shirya shi ne lokacin lafiya. A zauna a yi yarjejeniya: idan barci ya ragu kwana biyu a jere, wa za a kira, wa zai riƙe katin banki da makullin mota, wane ɗan'uwa ne yake jin maganarsa. Ranar da alamar ta bayyana, gardama ba ta da amfani. "Maigida, kwana biyu ba ka yi barci ba, mu je mu ga likita kamar yadda muka yi alkawari" ya fi "ciwonka ya tashi" shiga kunne. Kuma ba kowane fushi ne ciwo ba. Mai baifola yana da haƙƙin ya ji haushi idan an ɓata masa, ba tare da an tambaye shi ko ya sha magani ba.

Idan ya fara maganar mutuwa, ko ya ce gara babu shi, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga ɗakin, a kai shi asibiti a ranar.

Ita ma mai jinyar mutum ce. Ana yawan ce mata ta yi haƙuri, ba a tambayar ta ko ta yi barci. Ta samu mutum ɗaya ko biyu a dangi da za ta gaya wa gaskiya, waɗanda za su karɓe ta idan ta gaji. Idan kuwa hawan ya zo da duka ko barazana, ta kwashe yara ta koma gidan da za su tsira, daga can ta kira 'yan'uwansa maza su kai shi asibiti.