Wesley, Neelix ko Kai Winn: wa masoya Star Trek suka fi tsana?

Star Trek shiri ne na ƙagaggen labarin kimiyya da Gene Roddenberry ya ƙirƙiro, tashar NBC ta Amurka ta fara haska shi a 1966. Daga baya ya yi rassa da yawa, kowanne da kumbonsa da kyaftin ɗinsa. Duk inda masoyansa suka haɗu kuwa, da wuya a tashi ba a yi musu kan wane ne mafi muni cikin mutanen labarin ba.

Su wa ake yawan ambata idan musun ya tashi?

Sunaye uku ne ba sa ɓacewa. Akwai Wesley Crusher, yaron nan mai kaifin basira na The Next Generation, wanda aka haska daga 1987 zuwa 1994. Akwai Neelix, mai dafa abinci a kumbon Voyager, shirin da ya fara a 1995 ya ƙare a 2001. Sai Kai Winn, shugabar addinin mutanen duniyar Bajor a shirin Deep Space Nine. Wasu kan ƙara da likita Pulaski da Keiko O'Brien, amma ba su kai waɗannan ukun shan suka ba.

Me Wesley ya yi wa mutane haka?

Laifinsa shi ne ya cika sani. Kumbon Enterprise na ɗauke da mutum sama da dubu, cikinsu da injiniyoyin da suka yi shekaru suna aiki, amma a zangon farko sau da yawa in an shiga tsaka mai wuya, sai yaro ɗan shekara goma sha biyar ya gano abin da ya gagari manya. Tun a farkon shirin wani baƙo mai suna Traveler ya kwatanta baiwarsa da ta Mozart, Picard, kyaftin ɗin kumbon, kuma ya ba shi muƙamin riƙo da izinin shiga ɗakin tuƙi. Mai kallo ba ya son a ɗura masa mutum dole. Da aka kuma lura cewa cikakken sunan mai shirin Eugene Wesley Roddenberry ne, sai da yawa suka ce ai kansa ya zana a jikin yaron.

Akwai wani wuri a kashin Datalore na 1988 da kowa ke tunawa. Lore, ɗan'uwan mutum-mutumin nan Data, ya sumar da Data ya saka kayansa ya shiga cikin ma'aikata. Wesley kaɗai ya lura cewa wannan ba Data ba ne. Ya buɗe baki zai yi bayani, Picard ya daka masa tsawa ya ce ya rufe baki, jim kaɗan mahaifiyarsa ma ta maimaita masa. Wannan tsawar ta zama abin da ake jifan sunansa da ita har yau. Abin da ke damuna shi ne, a wannan wurin yaron ne ke da gaskiya, manyan ne suka yi sake.

To laifin wa ke nan, yaron ko masu rubutu?

Na marubuta ne, kuma hujjar tana cikin shirin kansa. A kashin The First Duty na 1992, Wesley yana makarantar horon jami'ai. Shi da abokansa sun gwada wani salon tuƙi da aka haramta, ɗayansu ya rasa ransa, sauran suka haɗa baki suka ɓoye gaskiya a gaban kwamitin bincike. Picard ya gano, ya kira shi ofis ya ba shi zaɓi: ko ya faɗa da bakinsa, ko shi ya faɗa. Ka ga yaron tsaye, ido ya raina fata, ga amanar abokai ga nauyin ran da ya salwanta. Ko waɗanda ba sa ƙaunarsa suna sanya wannan kashin cikin masu kyau. Ɗan wasan bai canza ba. An dai ba shi rauni da kuskure irin na ɗan Adam, shi ke nan.

Wil Wheaton, wanda ya fito a matsayin Wesley, an haife shi a 1972, wato yana da shekara goma sha biyar aka fara haska shirin. Ya sha faɗa a fili cewa ƙiyayyar da manya suka riƙa nuna masa a lokacin ta yi masa ciwo. Ya bar jerin manyan 'yan wasan a 1990, a zango na huɗu. Ni dai ban ga dalilin da zai sa magidanci ya huce haushin rubutun wani a kan ɗan yaro ba.

Kai Winn fa? Ai ita ma an tsane ta.

An tsane ta ƙwarai, amma sanya ta a wannan jerin kuskure ne. Ita an rubuta ta ne don a tsane ta. Fitowarta ta farko a 1993, ta shiga ajin da Keiko ke koyarwa tana murmushi, ta ƙalubalanci darasin da sunan kare addini. Rikici ya tashi, aka dasa bam a makarantar, daga ƙarshe ta bayyana cewa duk tarko ne don a janyo abokin hamayyarta Bareil a kashe shi. Ba ta ɗaga murya. Za ta kira mutum "ɗana" cikin taushi alhali tana haƙa masa rami. Louise Fletcher ce ta taka rawar, wadda ta taɓa cin kyautar Oscar da fim ɗin One Flew Over the Cuckoo's Nest na 1975. In ka ji zuciyarka na tafasa da zarar ta bayyana, to bos ɗin ta yi aikinta. Da ita da Wesley na zangon farko ba tafiyarsu ɗaya ba: ita an so ka ƙi ta ka kuma ƙi ta, shi an so ka so shi abin ya ƙi.

Pulaski?

Zango ɗaya ta yi a The Next Generation, na biyu, bayan an cire likita Beverly Crusher, mahaifiyar Wesley. Ta shigo tana raina Data, har sunansa ta kira ba daidai ba ya gyara mata. Masu kallo sun riga sun shaƙu da shi, ba su yafe ba. A zango na uku aka dawo da Crusher.

Shin Neelix ya cancanci sukan da yake sha?

Rabi da rabi. An kawo shi ne don ban dariya: surutu, shisshigi, girkin saiwar leola da ma'aikata ke ci suna yatsina fuska, da takura wa Tuvok wanda ba ya son wasa. Abin da ya fi ɓata shi shi ne kishin da yake yi a kan budurwarsa Kes. Jinsinta shekara tara kacal suke rayuwa, ita kuma ba ta cika biyu ba a farkon shirin, don haka soyayyar ba ta kwanta wa mutane da yawa ba. A nan ina tare da masu suka.

Sai dai wanda ya kalli kashin Jetrel na 1995 zai ga wani Neelix dabam. A nan aka gane cewa wani makami ya hallaka mutanen Rinax, mahaifarsa, har da danginsa duka, shi kuma ya tsira ne saboda ya gudu ya ɓuya don kada a kai shi fagen daga. Sai ga wanda ya ƙera makamin ya zo har cikin kumbo. Duk barkwancin nan ashe mayafi ne. Ethan Phillips, wanda ya fito a matsayin Neelix, ya iya wannan ɓangaren sosai, ba a dai cika ba shi dama ba.

Akwai wanda ra'ayin mutane ya sauya a kansa?

Wesley ne. Yaran da suka kalli shirin suna sa'anninsa sun girma, da yawansu kuma suna cewa shi ne ya sa suka ji cewa yaro mai son lissafi da na'ura yana da wurin zama. Wheaton ya zama mai gabatar da The Ready Room, shirin hira da 'yan wasan sababbin rassan Star Trek. Ya sake fitowa a matsayin Wesley a ƙarshen zango na biyu na shirin Star Trek: Picard a 2022, sannan ya ba da muryarsa a zango na biyu na Prodigy a 2024, inda aka ba shi babbar rawa a labarin.