Magani a jakar ɗalibi: abin da dokar Ingila ta ɗora wa makaranta da iyaye

Iyalan da suka taso daga Kano, Kaduna ko Damagaram suka koma Ingila da yara 'yan makaranta sukan yi mamakin wani abu tun makon farko. Yaro na ciwon kai, akwai Panadol a ofishin makaranta, amma ba wanda zai ba shi sai an duba ko uwa ko uba sun sa hannu a takarda. In ba su sa ba, sai dai a buga waya. Wasu na ɗaukar wannan rashin tausayi ne, wasu su ce tsoron shari'a ne ya yi wa Turawa yawa. Tsoron yana nan, amma dokar da ta hana malama miƙa wa yaro ƙwaya haka kawai ita ce kuma ta ba iyaye haƙƙoƙin da da yawa daga cikinmu ba mu san muna da su ba.

Tushen maganar shi ne sashe na 100 na Dokar Yara da Iyali ta 2014. Tun daga 1 ga Satumba 2014, wajibi ne hukumar gudanarwar kowace makarantar gwamnati, har da waɗanda ake kira akademi, ta yi tanadin kula da ɗaliban da ke da larurar lafiya. Ma'aikatar Ilimi ta fitar da ƙa'idojin da ke fayyace yadda za a yi wannan tanadi, kuma doka ta ce dole makaranta ta yi aiki da la'akari da su. A kan haka kowace makaranta ke rubuta nata tsarin, wanda iyaye ke da damar gani, galibi ma yana shafinta na intanet. Wannan na Ingila ne kawai. Sikotland, Wales da Ireland ta Arewa kowace da nata tsarin. Makarantun kuɗi ba sa ƙarƙashin wannan sashe, sai dai Dokar Daidaito ta 2010 da ta hana nuna bambanci ga masu naƙasa ta shafe su su ma.

Wanda ya yi makarantar kwana a gida zai yi zaton akwai ɗakin jinya da nas a zaune. Yawancin makarantun Ingila ba su da wannan. Nas ɗaya takan kula da makarantu da dama, tana zagayawa. Mai ba ɗanku magani da tsakar rana yawanci ma'aikaciyar ofis ce ko mataimakiyar malamar aji. Ƙa'ida ta ce ana iya neman kowane ma'aikaci ya ɗauki wannan aiki, amma ba za a tilasta masa ba, kuma ba zai fara ba sai an horar da shi. Takardar shaidar taimakon gaggawa kaɗai ba ta isa horo ba. Sai dai ƙin malami ɗaya ba ya sauke nauyin daga kan makaranta. Ita za ta nemo wanda zai yi, ta horar da shi.

Yanzu ga maganin kansa. Yaron da bai kai shekara 16 ba, ba a ba shi magani a makaranta, na likita ne ko na kanti, sai da rubutaccen izinin iyaye. Maganin da likita ya rubuta dole ya zo cikin kwalinsa na asali yadda kemis ya bayar, da sunan yaron a manne, da yawan da za a sha, da yadda za a adana, kuma bai wuce wa'adinsa ba. Insulin ne kawai aka yi wa sassauci, don yakan zo a cikin alƙalamin allura ko ɗan injin da ake maƙala wa yaro a jiki. Saboda haka fallen ƙwayar da mai kemis a gida ya yanka da almakashi, ko wadda aka ƙulle a 'yar leda aka rubuta "safe, rana, dare" da biro, ba za ta wuce teburin ofis ba. Haka jiƙo ko man habbatus sauda da aka ɗura a gorar ruwa. Ba raina maganin gida ba ne. Matar da ke ofis ba ta da hanyar sanin abin da ke ciki, kuma ita za a tambaya in wani abu ya faru.

Asfirin an hana bai wa ɗan ƙasa da 16 sai in likita ne ya rubuta, saboda alaƙarsa da wata cuta mai suna Reye da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Maganin rage ciwo irin farasitamol kuwa, kafin a bayar sai an tabbatar da lokacin da yaro ya sha na ƙarshe da iyakar abin da zai iya sha a yini, sannan a sanar da iyaye. Shi ya sa in kin ba shi kafin ya fita da safe, ki faɗa musu da ƙarfe nawa. Duk abin da aka bayar ana rubutawa: wane magani, nawa, yaushe, wa ya bayar. In yaro ya ƙi sha, ba a yi masa ɗure. Za a kira ku a nemi mafita.

Makaranta ta fi son a sha magani a gida in zai yiwu. Antibayotik na sau uku a rana ana iya raba shi safe, bayan an taso, da lokacin barci, ba sai ya je makaranta ba. Na sau huɗu ne yawanci ke sa a cike fom. Yana da kyau tun a gaban likita a tambaya ko akwai wanda ba zai ci karo da lokacin karatu ba.

Magunguna masu tsauri da doka ta sa wa ido, irin su mofin ko Ritalin, ana ajiye su a akwatin da ke kulle wanda ba a iya ɗauka, ma'aikata ƙalilan da aka ambata da suna ne ke da mabuɗi. Yaron da aka rubuta wa irinsu zai iya riƙe nasa in yana da hankalin yin haka, amma ya ba abokinsa ko ƙwaya ɗaya ce laifi ne a doka. Akasin haka ne ga inhela ta mai asma, na'urar gwada suga, da allurar gaggawa irin EpiPen ta masu alaji, wato waɗanda jikinsu ke ƙin wani abinci ko wani abu har ya kai ga haɗari. Waɗannan ba a kulle su. Dole su kasance inda hannun yaro zai kai da sauri, har a filin wasa da wajen yawon buɗe ido, kuma yaron da ya yi wayo ana son ya riƙe kayansa da kansa.

Inda na fi son iyayenmu su tsaya shi ne maganar takardar tsarin kula da lafiyar yaro. Wannan takarda ce da ake zama a rubuta tsakanin makaranta, iyaye, ma'aikacin lafiya, da yaron kansa in ya isa. Tana ɗauke da sunan larurar, abin da ke tayar da ita, alamominta, maganin da ake sha, wanda zai bayar da wanda zai maye gurbinsa ranar da ba ya nan, da abin da za a yi in ta ɓaci. Ana sake duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara. Yaron da ya shigo tsakiyar zango, kamar yadda yawancin 'ya'yan sababbin zuwa ke shigowa, ƙa'ida ta ce a yi ƙoƙarin kammala tanadinsa cikin mako biyu. Kuma makaranta ba sai ta jira likita ya tabbatar da sunan cutar kafin ta fara taimako ba.

Mu kuwa mun taso da ɓoye ciwo. Sikila da farfaɗiya musamman, ana rufe su saboda gori da tunanin auren gaba, wani lokacin har dangi na kusa ba su sani ba. Fom ya zo daga makaranta yana tambayar ko yaro na da wata larura, uba ya rubuta babu. Ku duba abin da wannan "babu" ke jawowa ga mai sikila. Yaron na buƙatar shan ruwa a kai a kai, wanda ke sa shi yawan zuwa bayi. Sanyi na tayar masa da ciwo, ga Ingila da hunturu, ga darasin motsa jiki a fili da gajeren wando, ga iyo. Malamin da bai sani ba zai hana shi fita karo na uku, ya ɗauka wasa ne yake yi, in ya ce ƙafarsa na ciwo a ce masa ya daure. Da an rubuta, da gorar ruwansa na kan teburinsa, yana da izinin fita ba tare da ɗaga hannu ba, ya sa rigar sanyi a fili, kuma an san zazzaɓi a jikinsa ba abin jira ba ne. Bayanin ba allo ake liƙa shi ba. Waɗanda aikinsu ya shafi yaron ne ke gani, kuma iyaye na iya tattauna wa za a gaya wa.

Ƙa'idojin sun lissafa abubuwan da gaba ɗaya ba a yarda makaranta ta yi ba. Ba za ta hana yaro ci, sha ko zuwa bayi ba in larurarsa na buƙata. Ba za ta tura mara lafiya ofis shi kaɗai ko da rakiyar wanda bai dace ba. Ba za ta riƙa koro shi gida a kai a kai saboda larurarsa ba, ko ta hana shi zuwa yawon makaranta sai in iyaye sun bi shi. Wanda ya fi taɓa masu aiki shi ne wannan: ba za ta sa uwa ko uba su riƙa zuwa makaranta don ba da magani ba, ko ta sa su ji kamar dole ne. Rubutun ya fito fili cewa bai kamata wani ya bar aikinsa ba don makaranta ta kasa kula da ɗansa. Matar da ke aikin kula da tsofaffi, ana biyanta da awa, aka ce ta zo kullum ƙarfe goma sha biyu ta yi wa 'yarta allurar insulin, tana da hujjar cewa a'a.

An kuma sassauta dokar magunguna sau biyu saboda gaggawa. Daga 1 ga Oktoba 2014 makarantu na iya sayen inhelar salbutamol su ajiye ba tare da takardar likita ba, don yaron da ya manta tasa ko ta ƙare. Daga 1 ga Oktoba 2017 aka ba su irin wannan dama a kan allurar adirenalin ta masu alaji. Izini waɗannan gyare-gyare suka bayar, don haka ku tambayi makarantarku ko ta ajiye, ku sa hannu a takardar amincewa tun ba a buƙata ba. In abu ya kai a kira 999, lambar neman agajin gaggawa, wani ma'aikaci zai zauna da yaron ko ya shiga motar asibiti da shi har iyaye su iso. Maganar alaji ce ma ta sa makarantu da yawa suka hana gyaɗa a kwanon abinci. Wannan dokar makaranta ce, ba ta ƙasa ba, amma a tuna ƙuli-ƙuli gyaɗa ne, kuma yajin tsire ma da shi ake haɗawa.

Sai tambayar kowace safiya: ya je ko ya zauna? Hukumar kare lafiya ta UKHSA tana da jadawalin da makarantu ke bi. Amai ko gudawa, yaro zai zauna gida sai ya yi awa 48 daga na ƙarshe, ko da ya warware yana tsalle a falo. Ƙarambau, aƙalla kwana 5 daga fitowar ƙuraje kuma sai duk sun bushe. Ƙyanda kwana 4 daga fitowarta, hangum kwana 5 daga fara kumburi, tarin shiƙa awa 48 bayan fara antibayotik. Mai zazzaɓi, wato zafin jiki 38 ko sama, ya zauna har ya sauka. Amma mura da ɗan tari ba dalilin zama ba ne in yaron na da kuzari, haka ƙwarƙwata, haka jan ido irin na afolo, wanda a gida da an ce kar ya kusanci kowa.

In zai zauna, a kira makaranta da safen ranar farko a faɗi dalili. Rashin zuwa saboda ciwo fashi ne da izini, kuma ba a son makarantu su riƙa neman takardar likita a kan kowane ƙaramin ciwo, sai in suna da dalilin shakka. Tarar da ake ta magana a kai ta fashi marar izini ce. Tun Agustan 2024 fam 80 ce ga uwa da uba kowannensu a kan kowane yaro in an biya cikin kwana 21, ta koma 160 in an wuce, kuma ana fara duba batunta ne in fashin ya kai kwana 5 cikin mako 10 na karatu. Wanda ya ƙara mako biyu a kan hutu don zuwa biki gida ya ce wa makaranta yaro ba shi da lafiya, ya sani cewa ita wannan ƙaryar ce ke sa a fara neman shaida a kan ciwon gaske na gaba.

Yaron da ciwo zai hana shi makaranta kwana 15 ko fiye, a jere ne ko a warwatse cikin shekara, nauyin karatunsa na komawa kan ƙaramar hukumar yankin a ƙarƙashin sashe na 19 na Dokar Ilimi ta 1996. Ita za ta shirya masa darasi a asibiti, a gida ko wani wuri. Masu sikila da ke kwanciya sau da yawa a shekara sukan kai wannan adadi ba tare da iyaye sun lura ba, don haka a riƙa ƙirgawa.

Idan makaranta ta gaza, ana farawa da magana da malamin da ke da alhakin wannan fanni, wanda sunansa ke cikin tsarin makarantar. In ba a daidaita ba sai a shigar da ƙorafi a rubuce ta hanyar da makarantar ta tanada, wadda kan kai ga shugaban makaranta sannan hukumar gudanarwa. Ma'aikatar Ilimi ba ta karɓar ƙorafi sai an bi waɗannan matakai an ƙare, kuma abin da za ta fara nema shi ne kwafin wasiƙun da aka yi musaya, don haka duk abin da aka faɗa muku da baki a bakin ƙofa, ku bi shi da imel a ranar.