Tafiya Gembu da mota: tambayoyin da ake yawan yi min

Tun da na dawo daga tsaunin Mambila na jihar Taraba, inda garin Gembu yake, 'yan uwa ke ta tambayata yadda hanyar take, to bari in haɗa amsoshin waje ɗaya.

Ta ina ake bi?

Daga Jalingo za ka kama hanyar Garba Chede, ka wuce Bali, sai Serti, sai Mayo Selbe, daga nan ne hawan dutse yake farawa. In ka gama hawa sai Maisamari, Nguroje, sannan Gembu hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Ka ware wuni guda, kana idar da sallar asuba ka kama hanya.

Me ake gani kafin a kai dutsen?

Gonaki malam, iya ganinka. Doya, masara, rogo, shinkafa a fadamu, ga mata a bakin titi sun jera doya kashi-kashi suna ɗaga ma mota hannu. Kana doso Serti za ka ga itatuwa sun fara tsawo suna haɗe kai, don ka shigo yankin gandun dajin Gashaka Gumti kenan, wanda aka kafa a 1991 kuma duk Najeriya babu mai girmansa. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, kuma akwai manyan biran nan da ake kira cimfanzi can cikin ƙurmi.

Hawan yana da ban tsoro da gaske?

Ba zan ɓoye maka ba, akwai tsoro, amma wallahi nan ne daɗin tafiyar gaba ɗaya. Titin ya naɗe dutsen kamar rawani, kwana na bin kwana, gefe ɗaya bango ne ruwa na tsattsafowa daga jikinsa gefe ɗaya kuma rami ne cike da duhuwar itatuwa ba ka ganin ƙasansa. Direbanmu ya sa giya ta biyu, kowace kwana sai ya danna hon, kunnena ya toshe, wata dattijuwa a bayana tana ta salati ƙasa-ƙasa, can sai hazo ya rufe mu na miƙa hannu ta taga na ji ya jiƙe alhali ba ruwa ake yi ba. Zafin da muka baro a Bali kamar ba a yi shi ba.

A saman fa?

Tuddai ne kore shar a tsayin kusan mita 1,600, shanun Fulani sun bazu a kai, ga itatuwan zaiti a jere kewaye da gidaje. Ka tsaya Kakara ka ga gonar shayi inda ake yin Highland Tea, ni dai ban so barin wajen ba. Akwai kuma ƙurmin Ngel Nyaki ga mai son shiga daji da ƙafa. Da Hausa za ka yi harkarka, amma Fillanci ya fi yawo a kasuwa.

Wane lokaci ya fi?

Ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ciyawa ba ta bushe ba ruwa kuma ya lafa. Ka riƙo rigar sanyi ko wane wata ne.

Ƙaramar mota za ta iya?

Za ta iya in lafiyarta ƙalau, amma ka kai ta wajen bakanike ya duba birki da tayoyi tukunna. Saukowa ta fi hawa haɗari, kar ka ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har ƙasa don zafi zai yi ya daina kamawa, ka bar giya ta riƙe motar. Kuma dan Allah kar ka bi dutsen nan da dare.