Waiwaye: Yadda ƙananan 'yan takara ke rasa kunnen jama'a a Kamaru

A Kamaru jam'iyyu ba su saba da zaɓen fidda gwani ba. A jam'iyyar RDPC mai mulki, shugaban jam'iyya shi ne ɗan takarar shugabancin ƙasa. Jam'iyyar adawa ta SDF ce ta taɓa yin abin a fili, a babban taronta na Bamenda a 2018, inda wakilai suka tsayar da Joshua Osih. Saboda haka tankaɗe da rairayar da ya kamata 'yan jam'iyya su yi, kuɗi da hukumar zaɓe ta ELECAM da kafafen watsa labarai ne ke yin su.

Dokokin Disamba 1990 ne suka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. A zaɓen shugaban ƙasa na 1992 ɗan adawa Bello Bouba Maigari ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari, alhali rediyo da talabijin duk na gwamnati ne. Sai a 2000 aka ba masu zaman kansu damar buɗe tashoshi, kuma manyan cikinsu a Duwala da Yawunde suka kafu, da Faransanci ko Turanci suke magana. Mai sauraro a Garwa ko Marwa da ke jin Hausa da Fulatanci ba da shi ake yawancin muhawarar ba.

A 2011 mutum 23 suka tsaya. Shekara ta zagayo, sabuwar dokar zaɓe ta ɗaga kuɗin ajiya daga sefa miliyan 5 zuwa miliyan 30. Wanda jam'iyyarsa ba ta da zaɓaɓɓe ko ɗaya, sai ya kawo sa hannun manyan mutane 300, talatin daga kowace jiha. A 2018 'yan takara suka koma 9. A 2025 takardu 83 aka shigar, 12 suka kai ga akwati. Rage cunkoso ba laifi ba ne, amma a ganina an auna aljihu fiye da manufa.

Ko wanda ya tsallake bai huta ba. Kwana 15 ne yaƙin neman zaɓe a hukumance. Ana ba 'yan takara 'yan mintoci a CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, to amma mintoci nawa za su kamo shekara bakwai da aka yi ana kiran sunan mutum ɗaya, wato shugaba mai ci, a kowane labarai? Mu da muke zaɓe mun san yadda take kasancewa: ka shiga rumfa, takardu jere a kan tebur, kowane ɗan takara da tasa, ka ɗauki ɗai-ɗai, ka sa guda a ambulan, ka zubar da sauran. Tsofaffi da yawa a nan ne suke fara ganin fuskar rabin mutanen. Ba su ƙi su ba, ba a taɓa gabatar musu da su ba ne.

Garga Haman Adji, ɗan Marwa da ya ajiye muƙamin minista a 1992, shi ya zo na uku a 2011. Cabral Libii, da ake yi wa kallon yaro, ya zo na uku a 2018 da kusan kashi 6, kuma Facebook ya taimaka masa ƙwarai. Sai dai intanet a karkarar Arewa ba kowa ke da shi ba; rediyo ne ke rataye a teburin mai shayi. Abin da nake so a gani kafin zaɓe na gaba shi ne tashoshin CRTV na Garwa, Marwa da Ngaundere su zaunar da kowane ɗan takara, lokaci daidai wa daida, da tafinta, a bar masu sauraro su bugo waya su yi tambaya.