Jerin waƙoƙin nan masu sanyi: ga amsoshinku, don Allah a bar kirana

Tun da na tura jerin waƙoƙin “indie” ɗin nan a gurup ɗin fadarmu ta Birni, a Damagaram, wayata ba ta huta ba. Tambayoyin ba su canza ba, masu yin su ne kawai ke canzawa.

Mene ne “indie” ɗin da kake ta faɗa?

Mawaƙan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin waƙa. Ko su fitar da abinsu da kansu, ko wani ƙaramin kamfani ya fitar musu. Shi ke nan.

Don me duk a sanyaye suke, ba mai tashi?

Da gangan ne. Na bayan isha’i ne, sa’ad da shayi ya kai na uku, zafin gari ya ɗan sauka. Mai son rawa ya tafi gidan biki.

Ba ma jin Turanci, me za mu saurara?

Haba ɗan’uwa! Indiyanci kana ji? Ka girma kana rera waƙoƙin fim ɗin Indiya, ba ka taɓa neman tafinta ba. Fara da Khruangbin, mutum uku ne daga Texas ta Amurka, yawancin abinsu kiɗa ne zalla, jita da ganguna. A 2022 sun yi faifai tare da Vieux Farka Touré, ɗan marigayi Ali Farka Touré na Mali, don haka kunnenka ba zai yi baƙunta ba. Daga nan ka wuce Men I Trust na Kanada, da Beach House na Baltimore, waɗanda mutum biyu ne kacal. Su ne na gano kwanan nan.

Yaya, in zo da Xender ka tura mini? Megata ba ta da yawa.

To, nan ne maganar ke da tsawo, a zauna. Jerin a Spotify yake, manhajar sauraren waƙa ta intanet. Kyauta ana saurare da talla a tsakani, amma sai da intanet. Sauke waƙa don a ji ba rezo sai wanda ya biya kuɗin wata, kuma ko ya biya, waƙoƙin a kulle suke cikin manhajar. Ba sa shiga kart memwar, ba sa bin Xender. Ba rowa nake yi ba.

Batun mega kuwa ya danganta. MP3 mai matsakaicin inganci yana cin wajen mega 1 a minti guda, mai inganci sosai ya haura 2. Jerin awa biyu ke nan wajen mega 120 ko ninkinsa da ɗoriya. A YouTube abin ya fi haka nesa, don hoto kake biya wa, sai ka rage ingancin bidiyon zuwa na ƙasa. In kamfanin layinka yana da forfe na dare, shi ya fi, in dai rezo na unguwarku yana tsayawa, in kuma akwai caji.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce Bandcamp, shafin sayar da waƙa a intanet: ka saya, a ba ka fayil ɗinka, kuma kaso mafi yawa na kuɗin yana tafiya wurin mawaƙin ko ƙaramin kamfaninsa. Matsalar ita ce sai da katin banki ko PayPal, wanda ba kowa ke da shi a Damagaram ba. Wataƙila ku samu mai kati ɗaya a fada, kowa ya kawo jika ɗaya, a sayi faifai. Ko ya halatta a raba wa mutum goma abin da aka saya sau ɗaya? Ba zan ce eh kai tsaye ba. Na san dai ta waya zuwa waya waƙoƙin Mdou Moctar, makaɗin jitan nan na Nijar, suka fara yawo, har kamfanin Sahel Sounds ya tattara irinsu a faifai a 2011. Amma wanda ke da halin biya kuma ya ƙi, shi ba ni da uzurin da zan yi masa.

Wannan ai kiɗan Turawa ne, ina namu?

Ashe ba ka kai ƙarshen jerin ba. Akwai Les Filles de Illighadad daga wajen Abalak, tare da Fatou Seidi Ghali a kan jita. Akwai Mamman Sani, wanda ya naɗi kaset ɗinsa na ogan a Yamai a 1978, aka sake fitar da shi a 2013. Akwai marigayi Mamane Barka, ɗan Tesker a nan jiharmu, da biram, abin kiɗansa mai tsirkiya biyar. Saurara kafin ka yi ƙorafi.

Na ji waƙa biyu barci ya ɗauke ni. Lafiya kuwa?

Lafiya lau, ƙanwata. Sai dai kada a saka a kunne ana tuƙa babur.

Za ka sa waƙar ƙanena a ciki? Shi ma yana waƙa.

Turo. In da ihu da sunayen masu liƙi a ciki, a’a.