Kasalar Bayan Doguwar Tafiyar Keke

Kasalar bayan doguwar tafiyar keke yanayi ne da ke kama masu tuƙin dogon zango: jiki ya mutu, rai ya ɓaci ba dalili, mutum ya ji ko kallon keken ba ya son yi. Ba kasafai take zuwa ranar da aka sauka ba, sai washegari ko bayan kwana biyu uku, idan murnar kammalawa ta lafa. Ana ganinta a wurin masu shiga doguwar tafiyar keke ta Paris-Brest-Paris a Faransa, mai nisan kilomita 1,200 da ake gamawa cikin awa 90, da tseren ratsa Amurka da keke, Race Across America, mai kusan kilomita 4,800. Amma wanda ya yi kilomita 200 a yini guda ma ba ta ƙyale shi.

Abin da ke kawo ta

Tushen farko shi ne ƙarewar makamashi. Jiki na ajiye sukari da ake kira gilaikojin, kimanin giram 400 a tsoka da giram 100 a hanta, kuma tuƙi mai tsanani na awa biyu kan cinye mafi yawansa. Ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, don haka ƙarancinsa na jawo saurin fushi da kasa tattara hankali. Matsalar kuwa ita ce bayan doguwar tafiya abinci ba ya shiga, sai mutum ya kwanta da giɓin da bai cike ba.

Rashin barci na ƙara dagula lamarin, haka ma sinadarin kotisol da ke hauhawa lokacin wahala. Akwai kuma abin da ba na jiki ba: wanda ya shafe watanni yana tsara cinsa da barcinsa saboda ranar tafiyar, da ranar ta wuce sai ya rasa abin da zai tashe shi da asuba.

Yadda ake farfaɗowa

A awa huɗun farko ana so a ci giram 1 zuwa 1.2 na abinci mai sitaci ko sukari kan kowane kilo na nauyin jiki a kowace awa. Mai kilo 70 zai nemi giram 70 zuwa 84 ke nan: shinkafa, burodi, ayaba, dabino. A haɗa da furotin giram 20 zuwa 30 daga ƙwai, madara ko nama. Ajiyar sukarin kan dawo cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Batun ruwa, a hau sikeli kafin tafiya da bayanta. Duk kilo ɗaya da ya ragu, a sha kusan lita ɗaya da rabi a hankali, da ɗan gishiri. Ɗirkar ruwa zalla da yawa na rage gishirin jini, ya kawo ciwon kai da ruɗewa.

Kuskuren da aka fi yi guda biyu ne: rage abinci da sunan ai ba a atisaye, da komawa atisaye mai zafi don korar kasalar. Na biyun ya fi illa. Tuƙi mai sauƙi na rabin awa, feda tana juyawa ba tare da haki ba, ya wadatar a makon farko.

Lokacin ganin likita

Idan ƙuncin ya wuce mako biyu, ko bugun zuciya da safe ya ci gaba da zarce yadda aka saba, ko barci ya ƙi, ko al'adar mace ta ɗauke, a je asibiti. Ana duba ƙarancin jini, aikin ƙwayar thyroid da ke wuya (wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo), da ciwon ƙarancin makamashi na 'yan wasa, wanda kwamitin Olamfik na duniya ya sa wa suna RED-S a 2014. Wanda tunanin cutar da kansa ya zo masa kuwa, kada ya jira mako biyun.